Kallon Person of Interest a jere: idon na'ura da kunnen hukuma

A wannan ɗan nazari za mu duba wasan telebijin na Amurka, Person of Interest (2011–2016, kashi 103), da abin da kallonsa a jere ke yi wa mai kallo a Tawa.

Jigon wasan wata na'ura ce mai sauraren wayoyi da duba kamarori, tana fitar da lambar wanda zai yi kisa ko za a kashe. Abin lura, sau da yawa da idonta ake nuna mana titunan birni. Mai kallon kashi ɗaya a mako yana da kwana shida na tunani. Wanda ya kwana kan kashi goma kuwa, kafin asuba ya saba da leƙen asirin mutane, tunda galibi da ceton rai yake ƙarewa.

A ganinmu nan raunin wasan yake: ya rataya matsalar ga halin mai riƙe da na'ura. Ko da muguwar na'ura Samaritan ta ɓullo, ta kirkin ce maganinta. Adarawa kuwa ba su manta da ƴan rahoton zamanin Seyni Kunce (1974–1987) ba, lokacin da ake rage murya wurin hira. A 2020 kuma majalisar dokokin Nijar ta amince da dokar sauraren wayoyi da sunan tsaro. A ƙauyukan Kaita da Kalfu, inda maza ke tafiya bida Abijan da Libiya, waya ke ɗauke da zancen kuɗi da na aure. Tambayar da ta shafe su ita ce: wa ke binciken mai sauraren?