Bakan Gizo da Masu Raina Masallacin Ƙasa

Tun da ruwan Tiga ya fara bin magudanan Kadawa a shekarun 1970, kuɗin shinkafa da alkama da tumatir suka shigo Kura da Bunkure. A ƙauyukanmu, da zarar an ga albarkar noman rani, sai a rushe masallacin ƙasa a kafa na bulo da kwano. Wanda ya tashi takanas domin ya kalli tsohon masallaci kuwa, a kira shi ɗan gargajiya, wani ma ya jefe shi da bidi'a. Wannan zargi ba shi da tushe. Hanin da malamai ke kafa hujja da shi ya shafi tafiya zuwa wani masallaci domin neman falala ta musamman. Mai zuwa ganin aikin magina ilimi ya je nema.

Tarihin ginin ƙasa ba ɓoyayye ba ne. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina. Masallacin Juma'a na Zariya aikin Babban Gwani Mika'ilu ne, a zamanin Sarki Abdulkarim (1834–1846). A Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu ya fara nasa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986, shaidar cewa sana'ar ba ta tsufa ba.

Wanda ya shiga irin wannan masallaci, ya ɗaga kai. A can gwanintar take. Azarar giginya tana gagarar gara, amma idan tazara ta wuce ƙafa shida sai ta gaza ɗaukar nauyin rufi. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahu da yawa? Magini yakan dasa azara a cikin bango ya karkato da ita, ya ɗora wata a kanta ta ɗan zarce, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe, ya jira ta bushe. Haka yake yi daga ɗaya ɓangaren, hawa bayan hawa, har su haɗu a tsakiya. Shi ne bakan gizo. Inda bakuna suka gitta juna sai a samu ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a sama. Nauyin yana gangarowa ta jikin bakan zuwa ginshiƙai, shi ya sa aka yi ginshiƙan masallacin Zariya da kauri. Ni a wurina adon bango, wanda masu ɗaukar hoto suke rububi, bai kama ƙafar wannan ba. Ga kuma sanyi a tsakiyar bazara, lokacin da kwano ke korar mutane zuwa gindin bishiya.

Ana cewa ginin ƙasa ba ya jure damina. Wanda aka yi wa sakaci ne ba ya jurewa. Laso da ke kare rufi ana haɗa shi ne da katsi, dafara da gashin jima, katsi kuwa daga marina yake fitowa. Ke nan Kura, garin rini da bugu, tana da hannu a wannan sana'a, kuma ja bayan marina ya taɓa magina.

Abin da ya fi damuna shi ne gayya. Masallacin ƙasa yana bukatar yaɓe kafin ruwa ya sauka: samari su kwaɓa, magina su hau, dattawa su duba indararo. Kowa da guminsa a bangon. Na bulo sau da yawa attajiri ɗaya ne ke biya, jama'a su zama baƙi a cikinsa.

A Ingila akwai wata gidauniya da aka kafa a 1969 mai kula da tsofaffin coci-coci fiye da 350, yawancinsu na ƙauye, mutane na zuwa kallo. Mu ba ma bukatar jiran gidauniya. Idan jama'a ta yi yawa, a gina sabo a gefe, a bar tsohon ana salloli biyar a ciki, a kuma ware wa yaɓensa buhunan shinkafa kowace shekara. Dagatai da limamai su fara lissafa waɗanda suka rage, tun magina masu iya ɗaura bakan gizo suna raye.