Zanen da Ba Ya Buƙatar Tafinta

Daga Riko zuwa Jibiya, ka bi ta Magama ka tsallaka Ɗan Isa ka nufi Maraɗi, hoton jikin bango kan riga mai kaya yin ciniki. A wannan gefen iyaka an yi boko da Ingilishi, a wancan da Faransanci, wasu kuma makarantar allo suka yi, ajami ne karatunsu. Mai zane ne kaɗai ke yi musu magana baki ɗaya.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gano wannan. Tsoho zai ce a ba shi batir mai damisa, ba ruwansa da Tiger Head. Uwargida ta aiki yaro ya sayo Maggi mai tauraro. Ko ranar zaɓe, tsintsiya da lema ake nema a takarda.

Amma ni wanda ya fi burge ni shi ne mai fentin bakin kasuwa. Tsaya ka kalle shi a gaban rumfar mai shayi. Da alli yake fara shata kofi, ya ja da baya taku huɗu, ya ƙanƙance ido, ya dawo ya goge da gefen hannu. Kalolinsa ba su wuce biyar ba, a gwangwanayen madara, yana sassauta su da kananzir. Kofin zai yi shi ya fi na gaske girma, burodin ya kumbura, sannan ya ɗauki siririn buroshi ya ja farin layi uku masu lanƙwasa a sama. Shi ke nan, shayi ya yi tururi. Direban da ya kwana a hanya yana hangowa zai taka burki.

Gwanintar tana wajen sanin abin da za a bari. Ya san daga kan babur za a kalli aikinsa, cikin ƙurar hunturu, don haka ba ya cunkusa. Mai aski kawuna uku sun ishe shi, kowanne ta gefe, layin gaban goshi kamar an sa reza. Mai faci, taya ɗaya baƙa wuluk.

Yanzu banar kwamfuta ta shigo da araha da sauri, hotunanta kuwa na intanet ne, duk shago fuska ɗaya. Rana na dukanta sai ta koɗe, iska ta yage ta. Kofin mai shayi kuwa yana nan. In damina ta wuce, mai zanen ya biyo da gwangwaninsa ya sabunta tururin.