Gwanintar Tuhumar Maci Amana a Ƙasar Gobir

A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, a 'yan shekarun nan, babu zargin da ya kai a ce mutum infoma ne nauyi. Mutanen daji, wato 'yan bindiga, ba su da hanyar sanin wanda ya sayar da shanu ranar kasuwa, ko gidan da ɗansu ya aiko da kuɗi daga Legas, sai an kai musu labari. Da ɗan gari akan ci gari. Tsoron masu kai rahoton nan yana cikin abin da ya sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato a watan Satumban 2021, har da waɗannan biyun. Sai dai katse waya ba ya fitar da maci amana daga cikin gari. Wannan aiki ne na mutane, kuma akwai dattawan da Allah ya hore wa iya shi: dagatai, masu unguwanni, limamai, wani lokaci ma dattijon da ba shi da rawani. Zargi kowa ya iya. Abin da ke ba ni sha'awa a wurinsu shi ne yadda suke tuhumar mutum har a kama mai laifi, a kuɓutar da mai gaskiya, gari kuma bai tsage gida biyu ba.

Farkon gwanintarsu riƙe baki ne. Idan aka zo wa irin wannan dattijo da cewa wane yana kai labari daji, ba ya zabura. Kafin ya dubi wanda ake zargi, wanda ya kawo maganar yake fara dubawa. Akwai rikicin iyakar gona tsakaninsu? Sun taɓa neman aure gida ɗaya? Akwai bashi, ko tsohuwar takarar mai unguwa? Ya san cewa a lokacin tashin hankali babu makamin da ya fi ƙazafi arha, domin mai son gonar maƙwabcinsa ba ya buƙatar bindiga, raɗa ɗaya a kunnen matasan da ransu ya ɓaci ta wadatar.

Daga nan sai lura, ita ma a ɓoye. Saurayin da ba shi da sana'a amma ya wayi gari da sabon babur. Mai shagon da burodin da yake saye ya ninka abin da unguwarsa ke ci, ko mai jarkokin fetur da ba a san inda suke ƙarewa ba. Mutumin da ke bin hanyar da kowa ke tsoro, da yamma liƙis, ya dawo ko ƙwarzane babu. Gwani yana tara waɗannan a ransa, amma bai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu hujja ba. Babur yana iya zama kyautar wan da ke ci-rani. Mai bin hanya lafiya yana iya kasancewa wanda gari da kansa ya taɓa aika da kuɗin fansa ko harajin da aka ɗora wa manoma, har mutanen daji suka san fuskarsa. Irin waɗannan 'yan aike su ne suka fi kowa kusa da zargi, alhali su ne suka sa wuyansu a igiya domin jama'a.

Idan alamu suka taru, akwai dabarar da ta fi duka kyau. Dattijo yakan saki labari iri uku ga mutum uku. Ya gaya wa na farko cewa za a kwashe gero a kai gari ranar Talata ta hanyar fadama. Na biyu ya ji cewa ranar Laraba ce ta babbar hanya. Na uku kuma a ce masa an fasa sai bayan Juma'a. Babu geron da zai motsa. Sai a sa ido. In aka ga baƙin babura sun yi kwanto a fadama ranar Talata, an san bakin da maganar ta bi. Ba a daki kowa ba, ba a tozarta kowa ba, mutum biyun da suke da gaskiya ma ba su san an gwada su ba.

Sannan a zo ga tuhumar kanta, inda ake gane gwani na ainihi. Ba a dandali ake yin ta ba, ba kuma a ƙofar masallaci bayan Juma'a ba. A zaure ake yi, bayan sallar isha'i, da liman da dattijo ɗaya ko biyu daga dangin mutumin. A shimfiɗa masa tabarma, a gaisa sosai, a tambayi iyali.

"Ɗana, wanga babur naka, Allah shi sa albarka. Ina aka samo shi?"

"Ranka ya daɗe, wani abokina ne ya ba ni bashi."

"Madalla da aboki. Wane gari yake, mu ma mu yi mai godiya?"

Tambayoyin ƙanana ne, kuma dattijon ya riga ya san amsar mafi yawansu. Mai gaskiya yakan ba da amsa ɗaya ko sau nawa aka juya masa tambaya. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as: sunan abokin ya sauya, ranar ta sauya, ya fara rantsuwar da ba a nema ba. A nan dattijo ba ya daka tsawa. Yakan yi shiru, ya bar mutumin ya ji nauyin maganarsa da kansa, sa'an nan ya buɗe masa ƙofa: "In tilasta maka aka yi, faɗa muna. Mu iyayenka ne."

Wannan ƙofa ita ce zuciyar aikin, kuma limamai sun san asalinta. Gab da buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, sahabi Haɗib ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin Musulmi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fara da aika Sayyidina Ali da abokan tafiyarsa suka karɓo wasiƙar daga matar da ta ɓoye ta a kitsonta. Da hujja ta zo hannu, sai ya kira Haɗib ya tambaye shi dalili. Haɗib ya ce iyalinsa na Makka ba su da mai kāre su. Sayyidina Umar ya nemi izinin sare shi, aka hana. Hujja tukuna, sannan tambaya, sannan a auna dalili. A ƙasar da ake kama ɗan mutum a ce ko ya kawo labari ko a yanka yaron, bambanta wanda aka tilasta da wanda ya sayar da garinsu don kuɗi wajibi ne. Na farko, in aka rufa masa asiri, yakan tona sauran. Na biyu a miƙa shi ga hakimi da jami'an tsaro da shaidunsa, ba a hannun fusatattun matasa ba.

Gobirawa sun daɗe da sanin tsadar tuhumar da aka yi da wulaƙanci. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Sarkin Gobir Ali ya ƙulla amana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Masu tarihi sun ruwaito cewa waɗanda suka ƙi sulhun sun aiko masa da wuƙaƙen fawa, wato ya zama bawan Fulani, ya ci amanar gidansu. Ba su tambaye shi dalili ba, ba su bar masa hanyar kāre kansa ba sai ta takobi. Ya warware amanar da ya ƙulla da Bello, aka gwabza a Gawakuke a 1836, shi da Sarkin Katsina na Maradi Rauda suka kwanta dama a fagen. A zamaninmu ma an ga inda hukunci bisa zato ke kaiwa: a watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande, kafin watan ya ƙare 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40.

Shi ya sa nake ganin dattawan nan sun cancanci a san darajarsu. Aikinsu yana da haɗari ta fuska biyu: in suka tona maci amana, daji na iya biyo su, in suka ƙi miƙa wanda ba a tabbatar da laifinsa ba, mutanen gari su ce an saye su. Duk da haka suna yi, ba albashi, ba mai tsaron ƙofa. Hukumomin da ke horar da askarawan tsaron al'umma a Sakkwato za su yi wa kansu gata in suka zaunar da matasan gaban irin waɗannan dattawa, su koyi yadda ake tambaya kafin a ɗaga hannu. Garin da maƙwabci ya daina yarda da maƙwabci ya riga ya faɗi tun mahara ba su iso ba, kuma wannan yardar ce dattawan suke tsarewa.