Foman Ɗin Gidan Ruwa, Mai Haddar Ƙarƙashin Kano

Idan babban bututun ruwa ya fashe a gefen titi a Kano, kafin motar gidan ruwa ta iso wurin ya riga ya zama kasuwa. 'Yan garuwa sun jera kura suna cika jarkoki, yara suna wanka, masu shaguna suna tare ƙofa da buhunan yashi. Motar na tsayawa leburori za su diro da diga da shebur, kowa ya zuba musu ido. Alhali wanda ya cancanci kallo shi ne dattijon da ya sauko daga gaba, ya yi wa ruwan duba ɗaya, ya juya ya miƙi hanya, yaro na biye da shi da dogon makullin ƙarfe a kafaɗa. Shi ne foman. Neman bawul ɗin da zai tsayar da ruwan ya tafi, domin ba daga inda ruwa ke ɓulɓula ake fara gyara ba.

Kafin a gane gwanintarsa sai an san abin da aka damƙa masa. Kano ta fara shan ruwan famfo a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga matatar Chalawa. Gari ya yi ta faɗaɗa, aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta Chalawa da ke Ƙaraye a 1992, aka ƙara matatar Tamburawa a kan Kogin Kano, wadda aka tsara sabon sashenta ya tace lita miliyan 150 a kullum, sannan ga ta Watari a yankin Ɓagwai. Injuna ne ke tura ruwan zuwa manyan tankuna irin na kan Goron Dutse, daga can ya gangaro unguwanni da nauyin kansa. Kowane zamani ya binne nasa bututun ya tafi: akwai baƙin ƙarfen Turawa, akwai na siminti mai asbestos, akwai na roba iri-iri na baya-bayan nan. Kowanne da yadda yake lalacewa. Na ƙarfe tsatsa ke cin sa har ya huje, na siminti karyewa yake idan ƙasa ta motsa ko babbar mota ta danna shi, na roba kuwa a mahaɗa ya fi yoyo ko ya tsage a tsaye. Gogaggen foman, daga unguwar da aka kira shi da yanayin fitar ruwan, yakan faɗi kayan da za a ɗauko daga sito tun ba a sara ƙasa ba.

Jarinsa na farko hadda ce. Taswirar ofis takan nuna gari yadda yake a lokacin da aka zana ta, ga shi kuwa an faɗaɗa tituna, an zuba kwalta a kan murafun bawul, an kafa kwantena da rumfuna a bisa layuka. Foman ya riƙe wuraren da alamomin da shi ya sani: taku kaza daga turken wuta, daura da ƙofar masallaci, gindin tsohuwar darbejiyar da aka sare. Ya kuma san wane bawul ne ke yanke wace unguwa. A nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo zai rufe babban layi ya bar rabin gari da ƙishirwa saboda gyaran wuri ɗaya. Gwani zai nemi bawul biyu ko uku da za su killace inda ya fashe kaɗai, ya bar layin da ke ciyar da asibiti da makarantar kwana yana aiki.

Rufe bawul ɗin ma ba aikin ƙarfi ba ne. Na babban bututu kan ci zagaye talatin ko fiye, wani dama yake rufuwa, wani hagu, kuma foman yana tsaye yana ƙirga. Idan makulli ya ƙi gaba alhali ƙirga ba ta cika ba, ya san yashi ko tsakuwa ta tokare ƙofar, sai ya ce a ɗan buɗe ruwa ya share, a sake gwadawa. Wanda bai sani ba zai ƙara mutum biyu a kan makulli su karya sandar bawul, a tashi da gyara biyu. A zagayen ƙarshe kuma za ka ji yana ta cewa, "A hankali, yara, a hankali." Ruwan da ke gudu a bututu nauyi ne da shi mai yawa, idan aka tare shi farat ɗaya sai ya buga baya da ƙarfin da zai iya fasa wani wuri mai nisa da babu wanda ya taɓa.

Fashewar da kowa ke gani ita ce mai sauƙi. Wadda ta fi cin ruwa ita ce yoyon ɓoye, mai zurarewa cikin lambatu wata da watanni. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2006 cewa ƙasashe masu tasowa na asarar ruwan famfo kimanin mita kubik miliyan 45 kowace rana ta hanyar yoyo. Foman yana farautarsa da ido da kunne. Ruwa ba ya tsami banza: ciyawa shar a tsakiyar rani, kwata mai gudu da garai-garan ruwa, katangar ƙasa da gindinta ya jiƙe a lungu, duk saƙo ne. Ya san kowace mita 10 ta gangarowa daga tudu tana ƙara matsi kimanin kilo 1 a kan murabba'in santimita, don haka unguwannin kwari sun fi fama da fashewa, na kan tudu kuwa su ne na farko da ruwa ke ƙaurace wa idan akwai ɓaraka a hanya. Da tsakar dare, lokacin da gari ya yi tsit kuma matsi ya ƙaru saboda an rufe famfuna, yakan ɗora sandar saurare a kan bawul, ya kanga kunne a ɗaya bakin. Yoyo yana da sauti, kuma sautin na ƙara kaifi idan ana kusantarsa. Akwai na'urorin zamani da ke wannan aiki, amma su ma sai a hannun wanda ya san irin bututun da ke ƙasa.

Da an fara tono, hankalinsa ya bar bututu ya koma kan mutanensa. Ƙasar da ta sha ruwa ba ta da amana, kuma mita kubik ɗaya tata ta kai tan ɗaya da rabi. Idan rami ya wuce ƙugun mutum, sai a tokare gefensa da katako ko a kwantar da bakinsa, a zubar da ƙasar da aka fitar nesa da gaɓa, a ajiye tsani a ciki. Ba ya barin kowa ya shiga ramin bawul da aka daɗe ba a buɗe ba sai iska ta ratsa shi, ga igiya a ƙugu, ga mai tsaro a sama. Inda yake zaton wayar lantarki ko ta sadarwa, yakan hana diga ya ce a bi da shebur. A zafin watan Afrilu, ko a cikin azumi, shi ke jan aikin tono zuwa bayan asuba ko dare, ya riƙa musanya masu sara kafin su galabaita.

Ɗaurin da kansa aikin fita ne, wato mai haɗa bututu: a yanke inda ya lalace, a sa sabon guntu, a ɗaure notuna daura da daura don robar mahaɗa ta zauna daidai, a zuba yashi mai laushi a ƙarƙashi. Jama'a na ganin an ɗaure sai su fara, "To Oga, a sako mana mana!" Shi kuwa ya san yanzu aka zo wurin haɗari. Bututun da aka zazzage ya cika da iska, ya kuma sha laka daga ramin. Idan aka saki ruwa da ƙarfi, iskar da ta rasa mafita za ta matse ta sake fasa ɗaurin. Don haka sai ya sa a buɗe mashaƙar iska a tudu da bawul ɗin wanki a kwari, a ɗan sassauta makulli, ruwa ya shiga sannu yana koro iska gabansa. A sa kulorin a sashen da aka buɗe, a bar ruwa ya yi ta zuba har jansa ya washe, a gwada a ga maganin ya saura, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya gaza miligiram 0.2 a lita a inda ake ɗiba. A garin da ake kawo ruwa a ɗauke, wannan ba ƙa'idar takarda ba ce. Duk lokacin da bututu ya zama fanko yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta kowace kafa, kuma ƙananan layukan gidaje da yawa ta cikin kwata suka bi. Ta nan amai da gudawa da taifot ke samun hanya. Foman ɗin da ya jure tsegumin mutane na awa guda yana zubar da jan ruwa, rigakafi ya yi wa unguwa.

Ga kuma iya zama da jama'a. Kafin ya yanke ruwa yakan fara zuwa gaida mai unguwa: "Ranka ya daɗe, za mu rufe daga azahar zuwa magariba, a sanar a masallaci mutane su tara." Idan ya tarar da haramtaccen jona a bayan wani gida, ya san wanda nasiha za ta ishe shi da wanda sai an kai rahotonsa. A cikin tawagarsa ya san mai ƙarfin sara, da mai hannun ɗauri, da yaron da ke yawan tambaya, wanda shi yake ja kusa da shi. Sau da yawa kayan gyara ba sa isa, man mota ma sai an yi dabara, kuma shi ne ke tsakanin injiniyan da ke son rahoto da leburan da ke son haƙƙinsa. Mutanensa na yarda su shiga rami ne saboda sun sha ganinsa ya riga su shiga.

Irin wannan ilimi shekaru ke tara shi, kuma mafi yawansa ba a rubuce yake ba. Ranar da tsohon foman ya yi ritaya, akwai bawul ɗin da ba za a ƙara gano shi ba sai wata katafila ta tono shi. Gwamnatoci kan kashe maƙudan kuɗi a kan sababbin matatu da injuna, kuma ana bukatarsu. Amma akwai aiki mai arha da bai kamata a jinkirta ba: a haɗa kowane tsohon foman da matashin da ya iya na'urar taswira, su bi gari layi-layi, dattijo yana nunawa yaro yana rubutawa, tun ƙafar dattijon na iya zagayen.