Jigon Nasara da Mutuwa a Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi yadda jigon nasara da na mutuwa suka sarƙu da juna a waƙoƙin Alhaji Umaru, malamin da har yau ake tunawa da shi a zangunan ƙasar Gana. An haife shi a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Yana da alaƙa ta kusa da Zangon Kumasi, domin Malam Salau, Sarkin Zangon Kumasi, almajirinsa ne, kuma ya yi masa waƙar yabo da Larabci.

2.0 Nasara da Nasara

A rubutun boko, kalmar da ke nufin galaba da wadda ke nufin Turawa kamarsu ɗaya, sai a furuci ake bambance su. Wannan dacewa na taimaka wa ɗalibi wajen karanta Waƙar Nasara, wadda ya rubuta a 1903. A shekarar ce Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Kafin nan, a 1896, sun shiga Kumasi sun kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya. Ke nan marubucin ya ga faɗuwar ƙasar da aka haife shi da ta ƙasar da fataken goro ke dogaro da ita.

Mai karatu na iya ɗauka cewa jigon waƙar tarihi ne kawai, tun da ta jero garuruwa da sarakunan da aka rinjaya. Sai dai wannan jerin shi ne salon da ke ɗauke da jigon. Marubucin na tsaye a sahun waɗanda aka ci da yaƙi, don haka yana auna galabar Turawa da yawan abin da mutanensa suka rasa. Duk sunan da ya ambata ƙari ne a lissafin hasara.

3.0 Nasarar Kasuwa

A Waƙar Talauci da Wadata fagen ya tashi daga filin daga zuwa zaman yau da kullum. An nuna yadda ake wulaƙanta matalauci, ake girmama mai dukiya, ba tare da duba halin kowannensu ba. Wannan batu ya dace da zango, inda fatauci ne ya tara jama'a, kuma baƙo ba shi da gona ko dangi da zai jingina da su. Tambayar da waƙar ke tayarwa ita ce: wa ke da ikon cewa wane ya ci nasara? Idan jama'a ce, to hukuncinta na bin aljihu.

4.0 Mutuwa

Mutuwa ce ke rushe wannan hukunci. Alhaji Umaru ya yi waƙa kan annobar mura ta 1918, ya kuma yi marsiyya ga ɗansa Alhaji Labbu, wanda ya riga shi rasuwa. Annoba ba ta tambayar dukiya, haka kuma malamin da ya yi suna bai iya riƙe ɗansa ba. A fahimtar Musulunci da ya ginu a kanta, babban rabo shi ne tsira a Lahira.

Kwatanci da Emily Dickinson ta Amurka (1830-1886) zai ƙara haske. A wata waƙarta da aka buga a 1864, sojan da aka kayar, yana kan gargarar mutuwa, shi ne ya fi kowa sanin daɗin nasara. Dukansu biyu sun dubi galaba da idon wanda ya rasa ta. Bambancin shi ne, ita ta tsaya kan abin da ke cikin zuciyar mutum ɗaya, shi kuwa yana magana da yawun al'umma, yana kuma hangen hisabi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa raba waɗannan waƙoƙi zuwa na tarihi, na zamantakewa da na marsiyya yana ɓoye zaren da ya haɗa su. Ya kamata ɗalibi, kafin ya yanke hukunci kan jigo, ya fara tantance inda marubuci ke tsaye da kuma ma'aunin da yake riƙe da shi.