Araha Ba Ta Ado: Gwanintar Auna Karkara Kafin a Tare

A Amurka akwai mutanen da suka mayar da zaman ko-ta-kwana tsarin rayuwa. Suna tara hatsi da magani, suna koyon noma da gyaran inji, saboda ranar da wuta za ta ɗauke wata da watanni ko kantuna su wayi gari wayam. Burin yawancinsu shi ne su bar birni su sami fili a karkara, su ci daga gonarsu su sha daga rijiyarsu. Sai dai ƙasar tana da gundumomi sama da 3,000, kowacce da dokarta da ruwanta da sanyinta. Wannan ne ya haifar da wata gwaninta mai ban sha'awa, wato auna gunduma ciki da bai kafin a zuba mata kuɗi.

Gundumar Costilla da ke kudancin jihar Kolorado makaranta ce ga mai son ganin yadda ake aikin. Mutanenta kimanin 3,500 ne, ga sarari iya ganinka, ga dutsen Blanca mai tsawon fiye da mita 4,300 ya tokare sama. A shekarun 1970 an yanyanka dubban filaye masu eka biyar-biyar a kwarin San Luis, har yau kuma suna cikin mafi araha a jihar. Baƙo yana ganin farashin sai zuciyarsa ta kwanta. Gwani kuwa farashin ne ke fara tayar masa da hankali, don ya san ruwa ba ya tsami banza.

Tambayarsa ta farko ita ce ruwa, kuma a ofis yake fara nemansa kafin ya je fili. A yammacin Amurka, mallakar gona daban, mallakar ruwan da ke ratsa ta daban. Wanda ya riga fara amfani da rafi shi ke da haƙƙin farko, a shekarar fari sai ya ƙoshi kafin na bayansa ya ɗiba. Haƙƙi mafi tsufa a Kolorado yana nan Costilla: magudanar mutanen San Luis, wadda aka haƙa a 1852. Wanda ya zo jiya yana can ƙarshen layi. Ko rijiyar burtsatse ma da sharaɗinta, domin filin da bai kai eka 35 ba galibi izinin ruwan cikin gida kaɗai ake ba shi, ba ban ruwan lambu, ba shayar da dabbobi. Hatta tarar ruwan sama daga rufin gida sai a 2016 doka ta sakar wa kowa mara, shi ma ganga biyu, galan 110 duka-duka. A kwarin da ruwan shekara bai cika kai milimita 200 ba, wannan lissafi kaɗai ya isa ya rusa mafarkin eka biyar.

Daga nan sai ya buɗe kundin rijiyoyin maƙwabta, wanda hukumar ruwa ta jihar ke ajiyewa a intanet. Kowace rijiya da zurfinta da yawan galan da take bayarwa a minti ɗaya. Idan ta gabas an sami ruwa kusa, ta yamma kuma an nitsa sosai kafin a ji danshi, ya riga ya ƙiyasta kuɗin haƙa tun bai kira mai inji ba. In ya taka filin da ƙafarsa, tsirrai ne ke ba shi labari. Jerin dogayen bishiyoyi a gefen kwari alama ce ruwa na kusa. Farin ɓawo a saman ƙasa kuwa gishiri ne da kanwa, wanda ke ƙone iri tun yana jariri.

Sai kalanda. Kwarin yana bisa tudu mai kimanin mita 2,300, don haka tsakanin ƙanƙarar ƙarshe ta bazara da ta farkon kaka kwanaki ne da ba su cika wuce 100 ba. Gwani yakan jera wannan adadi kusa da kwanakin da kowane iri ke buƙata ya nuna. Nan take zai ga dalilin da ya sa manoman wurin suka riƙe dankalin turawa da sha'ir da wake da ciyawar dabbobi. Daren Janairu kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, fadamar kuma ba itacen kirki, saboda haka yakan tambaya: itacen hunturu daga ina, kuma da motar wa? Rana dai akwai ta wadatacciya, sola za ta yi aiki.

Akwai wani ɗan gwaji da ya fi kowanne nuna natsuwarsu. Za a haƙa rami, a jiƙa shi ya kwana, washegari a sake cika shi da ruwa, a kafa ma'auni, a zauna da agogo ana duba mintuna nawa ruwan ke ɗauka kafin ya sauka inci ɗaya. In ya tsaya cak, yumɓu ne, ramin masai ba zai tsotse ba. In ya zurare nan da nan, tsakuwa ce, ƙazanta za ta tarar da ruwan sha. Ba ramin masai, ba izinin gini. A 2015 an kai ruwa rana tsakanin hukumar Costilla da mazauna dajin a kan irin waɗannan sharuɗɗa, wasu da ke zaune a tantuna da tireloli a filayensu na halak suka tarar doka ba ta san da zamansu ba.

Takardun fili ma sai an bi su layi-layi. Shin akwai hanya rubutacciya zuwa titi, ko sai an ratsa gonar wani? Arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na mai fili ne, ko an sayar da shi tuntuni? Akwai bashin haraji? Sannan ya auna nisa: daga garin San Luis zuwa babban asibitin Alamosa ya haura kilomita 60. Shi ya sa gwani ke zaɓar mafi munin lokaci ya kai ziyara, tsakiyar hunturu ko sa'ad da ƙanƙara ke narkewa hanya ta zama taɓo. Gani ya kori ji.

Awo na ƙarshe shi ne mutane, kuma nan ne ake bambance gwani da mai tara taswira. Iyalan da suka fi kowa daɗewa suna ciyar da kansu a Costilla, jikokin masu jin Sifaniyanci ne da suka kafa San Luis a 1851, kuma kowane rukuninsu magudana ɗaya suke sha. Duk bazara sukan fito da shebur su yashe ta tare, tamkar aikin gayya, su zaɓi wanda zai raba ruwa bi-da-bi. Don haka gwani yakan zauna a shagon kayan gini, ya leƙa taron gunduma, ya tambayi ko 'yan kwana-kwanan sa-kai suna da isassun hannaye, ya ji wa ke da tarakta kuma yana ba da aro.

A ƙarshe hukuncinsa kan fito a fili. Ga mai albashin intanet da zai riƙa sayen ruwa a tanki, eka biyar ta wadatar. Ga mai son ci daga gonarsa, sai ya nemi eka 35 ko tsohuwar gona mai haƙƙin magudana, ya biya ninkin-ba-ninkin, ya kuma shirya shebur ɗinsa don ranar yasa.