Jinjina ga Matan Zumunta na Samaru da Sabon Gari

Tun daga nesa ake jin su. Wata ta rungume tulu tana dukan bakinsa da faifan soso, wata na kaɗa caki, saura suna amshi, kowacce da zane da ɗankwali na anko. Su ne Matan Zumunta, ginshiƙin coci-cocin Samaru da Sabon Gari, daga ECWA zuwa Katolika da Angilikan.

Imaninsu shi ne Allah yana ƙaunar kowane ɗan Adam, bai ware ƙabila ko talaka ba. Sai dai wa'azinsu ya fi yawa a ƙafa. In an yi haihuwa, suna can da sabulu da kunu. In an yi rasuwa, su ke kwana da matar mamaci, su hura murhu, su ciyar da masu ta'aziyya. Ranar duba marasa lafiya a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, mai gadon kusa ma yana samun lemo da "sannu, Baba", ba wadda ke tambayar addininsa.

Abin yana da asali. A 1929 mishan ɗin CMS ya tare a Wusasa, inda asibitin St. Luke ya karɓi Musulmi da Kirista. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, harshen da Bajju da Ngas da Tangale ke waƙa da shi a zumunta har gobe.

Albashi kuwa babu. Kuɗin sabulun nan daga bakin zanensu yake fitowa, ribar tumatir da ƙosai.